Anti, an ce a Indonesiya kare suke ci, in tafi karatun ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Ni budurwa ce 'yar shekara 25 daga Gombe, Allah ya ba ni sukolashif na digiri na biyu a wata jami'a a garin Yogyakarta na ƙasar Indonesiya. Baba ya amince, amma tunda maganar ta fito gwaggona ta hana ni sakat, wai ta ga bidiyo a waya mutanen can kare da maciji da jemage suke ci, zan je in ci haram ban sani ba. Ga shi ina da olsa, yaji kaɗan sai ya kwantar da ni, kuma ko a nan gida in ba girkin Mama ba bana iya sakewa in ci. Shawarar da na yanke ita ce in cika Ghana-must-go biyu da kilishi da garin tuwo da kuka da daddawa da katan ɗin Indomie, in riƙa girkina a ɗaki kar in ci na kowa har in gama. Wani lokacin kuma sai in ji gara ma in haƙura da tafiyar. Me kike gani?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki tafi. Wannan na fara faɗa miki tun kafin komai saboda kar ki karanta sauran bayanin zuciyarki na ɗar-ɗar. Irin wannan damar ba kullum take zuwa ba, kuma matsalar da kika kawo duk tana da magani.

Gwaggo kuma kar ki ji haushinta, so ne ya sa take wannan faɗan, kuma wataƙila bidiyon da ta gani ba ƙarya bane. Akwai kasuwa a garin Tomohon, can arewacin tsibirin Sulawesi inda mafi yawan mutanen Kiristoci ne, da ta yi suna wajen sayar da naman jemage da maciji da ɓera, ita ce masu ɗaukar bidiyo suke rububin zuwa, a 2023 ma hukumar garin ta hana sayar da naman kare da na mage a cikinta. To amma wannan wani tsibiri ne daban, sai kin hau jirgin sama daga inda zaki zauna kafin ki je can. Ƙasar nan tsibirai sama da 17,000 ne, a ƙidayar 2020 mutanenta sun haura miliyan 270, kuma wajen kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne. Garin da zaki, wanda su suke ce ma Jogja, a tsibirin Java yake, a nan aka kafa ƙungiyar Muhammadiyah a 1912, kiran sallah zai tashe ki da asuba daga masallatai ta ko'ina, kuma kusan duk gidan mai da kanti babba da tashar jirgi akwai ɗakin sallah da suke kira musholla.

Sai dai bazan ce miki ki rufe ido ki ci duk abinda kika gani ba. Ko a Jogja ɗin da maƙwabciyarta Solo akwai 'yan rumfunan da ake sayar da abinda bai halatta gare mu ba, kuma ba kasafai suke rubuta sunan abin ɓaro-ɓaro ba, don haka ki haddace waɗannan tun daga gida: babi alade ne, B2 ma alade ne, B1 da RW da sengsu kare ne, swike kuma kwaɗo. Kika ga ɗaya a jikin allon rumfa sai ki wuce abinki ba tare da yamutsa fuska ba. Wanda ya fi waɗannan ɓuya shi ne a wasu shagunan taliya da soyayyar shinkafa irin na 'yan asalin Sin, ana iya sa kitsen alade ko wata giyar girki da ake kira angciu, a ido bazaki gane ba. Maganinsa tambaya, ki ce "halal, Bu?" in mace ce, "halal, Pak?" in namiji ne, ba wanda zai ji haushi, tambaya ce da suka saba ji, kuma da sun ganki da hijabi sau da yawa mai shagon da kansa zai ce miki nan ba naki bane. Kayan gwangwani da na leda kuma akwai tambarin halal na gwamnati mai launin shunayya a jiki, tun 2014 suka yi doka a kai. In ƙawaye suka ja ki yawon hutu zuwa Bali to can ki ƙara buɗe ido sosai, mafi yawansu mabiya Hindu ne kuma gasasshen alade na cikin manyan abincinsu, ki nemi shagunan da aka rubuta warung Muslim ko na mutanen Padang, Musulmin yammacin tsibirin Sumatra.

Abu ɗaya da zai iya ba ki mamaki shi ne yawan kayan ruwa, jatan lande, ƙaguwa, da wani mai hannaye da yawa da suke ce ma cumi. Su 'yan mazhabar Shafi'iyya ne mu Malikiyya, kuma dukkanmu mun haɗu a kan halaccin abinda ke rayuwa a teku, saboda haka in ƙyama ce ta hana ki ci to ƙyama ce, kar ki kira shi haram a gabansu. Haka a sallah zaki ji liman na bayyana bisimilla da ƙunutin asuba a masallatai da yawa, mata kuma suna sa wani dogon farin mayafi da ake kira mukena. Ki yi sallarki yadda aka koya miki, ba ruwanki da gardama.

Yanzu bari in zo kan abinda ya fi damuna a wasiƙarki, wato maganar shiga ɗaki ki kulle ki yi ta girkinki ke kaɗai har ki gama. Ƙanwata wannan shawarar ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma ina jin tsoronta fiye da duk naman da gwaggo ta lissafa. Mutanen can da abinci suke karɓar baƙo. Gaisuwarsu ma ta yau da kullum ita ce "sudah makan?" wato kin ci abinci, kuma a matsayinki na ɗaliba a gidan haya na ɗalibai zaki zauna wanda suke kira kos, akwai na mata zalla ki nemi irinsa, mai gidan ana ce mata ibu kos, ita ce zata zame miki uwa a garin, ita zata san in baki da lafiya, ita zata nuna miki asibiti da kasuwa da mai kawo ruwa. To ranar da ta aiko miki da kwanon abinci kika mayar da shi yadda yake, bazata ce miki uffan ba, murmushi ma zata yi domin mutanen Java basa nuna ɓacin rai a fuska, amma kin rufe ƙofa ke nan. Haka 'yan ajinku, rabin karatun a rumfar cin abinci ake yinsa, a nan ake raba aikin rukuni, a nan zaki ji wane malami yake son kaza, a nan bakinki zai saki da yarensu. Wadda ta ce kullum ta ƙoshi sau uku za a gayyace ta a daina. Kuma kina baƙar fata a garin da ba a saba ganinmu da yawa ba, za a kalle ki, yara zasu nuna ki, wasu zasu roƙi hoto, wasu su tambaye ki kin yi aure ko shekarunki nawa daga haɗuwa, mafi yawansu son sani ne kawai amma yana gajiyarwa, kuma abinda ke mayar da ke daga abar kallo zuwa 'yar unguwa shi ne matar da kike sayen karin kumallo a wajenta kullum har ta san sunanki ta san bakya cin yaji. Kaɗaici a ƙasar da ba kowa naki ciwo ne, yana hana karatu yana hana barci, olsar ma yana tayar da ita.

Ladabin cin abincinsu kuma bazai miki wuya ba don da yawa tarbiyyar da kika taso da ita ce. Da dama ake ci, da dama ake miƙa abu da karɓa, har kuɗi, in hannun daman ya ɓaci dole sai hagu to ki ce "maaf", wato a yi haƙuri, kafin ki miƙa. Takalmi a bakin ƙofa. In kika je gida aka ajiye miki shayi da ɗan abin taɓawa kar ki kai hannu sai mai gida ta ce "silakan" ko "monggo", wani lokacin har sai ta maimaita, sannan ki sha, kuma babba shi yake fara ɗiba. Ki zuba kaɗan da farko saboda dole a ce ki ƙara, ƙarin kuma shi ne yabon mai girki. In kin ƙoshi ko abin bai miki ba kar ki ce a'a kai tsaye, ki ɗanɗana ko loma ɗaya sannan ki ce "sudah, terima kasih", wato ya isa na gode, da murmushi, sun gane. In zaki ci abu a gaban mutane ki yi musu tayi ki ce "mari makan", kamar dai yadda muke cewa bisimilla, su ma sun san tayi ne zasu ce ki ci kawai. Cokali a dama, cokali mai yatsu a hagu yana tura abinci, ko kuma hannu, duk ana yi. A wuraren cin kifi ko kaza da hannu za a kawo ɗan kwano da ruwa da yankan lemun tsami a ciki, na wanke yatsu ne ba na sha ba. Da daddare a Jogja akwai wuraren da ake zama a tabarma gaban gajeren tebur, lesehan ake ce musu, ki naɗe ƙafa kar ki miƙe ta tana kallon mutane. Babbar mace Ibu ko Bu, babban namiji Pak, sa'anninki Mbak da Mas, kar ki kira babba da gundarin sunansa.

Maganar olsa kuma, kafin ki tafi ki je asibiti a duba ki da kyau, ki ce a gwada ki ko akwai ƙwayar cutar nan H. pylori, domin olsa da yawa ita ce sanadinta kuma ana kashe ta da magani na 'yan makonni, mutane suna shekaru suna shan maganin kwantarwa alhali ba a taɓa tushen ba. A can ciwon sananne ne, "sakit maag" suke ce masa, kina faɗa za a tausaya miki a daina matsa miki da yaji. Kuma kin yi sa'ar gari, abincin Jogja zaƙi ya fi yawa a cikinsa ba zafi ba, yajin yawanci daban ake ajiye shi a gefe, sambal sunansa, jajjagen barkono ne da wani curin jatan lande mai ƙarfin wari da ake kira terasi, ba dole sai kin taɓa ba. Ki riƙe "tidak pedas", wato banda yaji. Akwai wata soyayyar kaza da ɗalibai ke so, ayam geprek, ana daka ta da ɗanyen barkono kuma sai an tambaye ki guda nawa za a sa, ke ki ce "tanpa cabe", wato banda barkono. Oseng mercon kuwa ko kusa kar ki je, wuta ce. Abinda zai zauna miki lafiya a makonnin farko shi ne bubur ayam, faten shinkafa mai laushi da kaza da ake sha da safe, sai soto ayam, romon kaza mara nauyi, sai miyar alayyahu tsararriya. Abinci mai madarar kwakwa da yawa da soye-soye ki bi su a hankali har ki ga yadda cikinki ya karɓa, kuma kar ki zauna da yunwa don kin tsaya neman wanda ya yi kama da na Mama.

Shinkafa dai ki shirya mata, safe rana dare, fara ƙal ba gishiri, a wajensu wanda bai ci shinkafa ba bai ci abinci ba. Amma abin haɗawa yana da yawa kuma wasu kin san su. Tahu awara ce, a ko'ina take kuma da araha. Tempe waken suya ne da aka bari ya kama jikinsa ya zama curi, a yanka a soya, ki ba shi dama sau biyu ko uku kafin ki yanke hukunci, yana riƙe ciki. Sate tsire ne na kaza ko akuya da miyar gyaɗa. Abincin da garin ke alfahari da shi gudeg ne, ɗanyen 'ya'yan wata bishiya da ake kira nangka ake dafawa awa da awanni da sukarin kwakwa da madarar kwakwa har ya yi ja-ja, zaƙinsa zai ba ki mamaki a kan shinkafa, amma baƙuwa a Jogja dole a kai ta cin gudeg, ki je ki ci. Shagunan Padang kuma na mutanen Minangkabau ne daga yammacin Sumatra, Musulmi ne sosai, ko ina kika gansu hankali kwance ta fuskar halal, su ne masu rendang, naman sa da ake dafawa da madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙone. A manyan shagunan nasu kina zama za a cika miki tebur da ƙananan faranti, kar ki firgita, wanda kika ci kawai zaki biya, amma ko romon faranti kika ɗiba an lissafa shi. Ɗaliba dai gara ta tsaya gaban gilashi ta nuna abinda take so. Girkinsu da yaji, ki fara da ayam pop. Shayi kuma in baki ce "tawar" ba da sukari rututu zai zo.

Ruwan famfo ba a sha, kowa galan mai lita 19 yake saye a kawo masa har ɗaki. Ƙanƙarar manyan shaguna ba laifi, ta bakin titi ki ɗan dakata tukuna. Ki zaɓi rumfar da ke cike da mutane wadda ake dafawa a gabanki da zafinsa. Wani abu mai muhimmanci, in zazzaɓi ya kama ki kar ki ce maleriya ce ki haɗiyi maganin da kika taho da shi, a biranen Java cutar zazzaɓin dengi ce ta fi yawa musamman da damina, wajen Nuwamba zuwa Maris, sauronta da rana yake cizo. Farasitamol kawai, banda asfirin banda ibufurofen, dama masu olsa basa shansu, sannan ki tafi asibiti a ɗebi jini. In an je shan iska bakin tekun Parangtritis ki tsaya a gaɓa, igiyar ruwan wajen tana jan mutane, kuma dutsen Merapi da zaki riƙa hangowa daga arewa mai aman wuta ne, a 2010 ya kashe mutum sama da 300, in hukuma ta ce kar a matsa to kar a matsa.

Kayan jaka yanzu. Kilishi ki cire shi, nama da kayan dabba ba a shiga da su sai da takardun lafiya, ƙwace shi za a yi a filin jirgi ki fara zaman ƙasar da ɓacin rai. Indomie ma ki bar wa ƙannenki, asalinta ta can ce, kamfanin Indofood na can ne yake yinta, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fara yinta a Ota ta jihar Ogun, a Jogja har rumfunan dafa ta ne a kowane lungu da ake kira warmindo. Garin shinkafa na tuwo yana kowane kanti, gyaɗa, alayyahu, kabewa, rogo, dankali, tsamiya, citta, kanumfari, zoɓo, har zogale wanda suke ce ma daun kelor duk akwai a kasuwa. Abinda zaki nema ki rasa shi ne kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin kunun gero, da jan manja, domin duk da su ne kan gaba a duniya wajen noman kwakwar manja tace shi suke yi ya zama farin mai. Waɗannan ki ɗauka daidai gwargwado, a busar sosai, a liƙe a leda mai kyau da suna a jiki, kuma ki rubuta su a fom ɗin kwastan kar ki ɓoye, in sun ce a'a ki bar musu. Ki sa su a mazubi mai murfi da kin isa saboda danshin garin yana sa gari fumfuna da wuri. Amfaninsu shi ne ranar Asabar ki yi tuwo miyar kuka ki kira ibu kos da 'yan ajinku su ma su ɗanɗana naki, suna son haka ƙwarai. Ki kuma riƙo 'yar tsaraba, ko turaren wuta ko atamfa, al'adar tsaraba tana da ƙarfi a wajensu, oleh-oleh suke ce mata.

Wannan kuma ki saurare ni da kunnen basira: kar ki karɓi saƙon kowa. Ko ɗan uwa ne, ko a filin jirgi wata ta ce riƙe min jakar nan, ko wani ya ce akwai ɗan'uwansa a Jakarta a kai masa ƙulli. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasar har kisa ne kuma sun sha zartarwa, a Afrilun 2015 sun harbe mutum takwas a tsibirin Nusakambangan, huɗu 'yan Najeriya ne, shi ya sa koren fasfo ake masa kallon tsaf. Jakarki ke zaki shirya ta da hannunki ki kulle. Magungunanki su kasance cikin kwalinsu tare da takardar likita da Turanci, irin su tiramadol da kodin kar su shiga jakarki sam.

Biza kuma ki bi ta hannun ofishin ɗaliban waje na makarantarku kaɗai, Najeriya ta daɗe cikin ƙasashen da ake tsaurara wa bincike kafin a ba su, tana ɗaukar lokaci, kar gaggawa ta kai ki hannun ejan. Da kin isa su zasu taya ki yin takardar zama da ake kira KITAS, sannan ki sanar da ofishin jakadancinmu da ke Jakarta cewa kina ƙasar. Ba jirgi kai tsaye, sai an yada zango a Doha ko Dubai ko Addis Ababa ko Istanbul. Wayarki ki yi mata rajista wajen kwastan tun a filin jirgi, in ba haka ba layin can zai daina aiki a kanta, kuma soket ɗinsu mai baki biyu zagayayye ne ki sayi adafta. Ki sauke Gojek ko Grab, da su ake kiran ɗan acaba da mota da abinci har ƙofa. Suna gabanmu da awa shida, sai ki tsara lokacin kiran gida, kuma ki riƙa kiran gwaggo ta bidiyo kina cikin kasuwa ko bakin masallaci ta ga matan da lulluɓinsu da idonta.

Azumi ma zai zo miki da sauƙi insha Allah, kafin magariba tituna cika suke da masu sayar da kayan buɗa baki, ki nemi kolak, ayaba ce da dankali a madarar kwakwa da sukari, kuma masallacin Jogokariyan a nan Jogja kullum yana raba dubban faranti kyauta. Wahalar tana ranar sallah, garin ɗalibai ne, kowa tafiya garinsu yake yi, kos ya zama wayam. In wata 'yar aji ta ce ki biyo ta gidansu, ki sanar da Baba da ofishin makaranta ki bi ta, za a ba ki ketupat, shinkafar da aka dafa cikin saƙar ganyen kwakwa, da opor ayam wanda ba yaji a cikinsa.

Abinda zaki yi a makon nan shi ne likitan olsa, sai allurar shawara da katin nan mai ruwan ɗorawa, ana tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya kuma sai allurar ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, kar ki bari sai tikiti ya fito. Allah ya sa a je a sa'a, ki gaida Mama da gwaggo.